Me Ke Sa Katako Ya Tsage, Ƙofa Ta Ƙi Rufuwa?

Jama'a, yau za mu ɗan ajiye maganar taki da iri, mu taɓa wani abu wanda ya ke haɗa mutane faɗa kowace shekara, watau katako. Kada wani ya ce ina ruwan manomi da katako. Ƙofar sitonsa da shi a ke yi, haka amalanke, da karkiyar shanu, da akwatin zuma, har ƙotar fartanya. Ɗan kasuwa na bukatarsa don kanta, malami kuwa don tebur da kabad.

A garin da na ke aiki, wani mai sayen hatsi ya sa kafinta ya yi masa ƙofar sito cikin watan Agusta. Falanki uku aka jera, kowanne faɗinsa inci 12. Ran da aka kafa ta, ko allura ba ta shiga tsakaninsu. Kafin Janairu ya ƙare sai ga rata ta buɗe, har fensir na shigewa, ɗaya falankin kuma ya tsage daga sama wajen ƙusa. Mai sito ya ce an cuce shi, an rage masa katako. Kafinta ya yi ta rantsuwa, magana har gaban mai unguwa. Gaskiyar magana kafintan nan bai rage kome ba. Laifinsa guda ne: ya yi aiki da katakon da aka sauke daga Kudu bai fi mako biyu ba. Abin da ya fita daga ƙofar nan ruwa ne.

Ruwa Iri Biyu

Itace ɗanye cike ya ke da ruwa, fiye da yadda mutane su ke zato. Ga misali. Falanki ɗanye mai nauyin kilo 20, in an ce ruwansa kashi 60 ne cikin 100, to, ainihin itacen kilo 12 da rabi ne kawai, sauran kilo 7 da rabi duk ruwa ne. A lura, masana katako da nauyin busasshen itace su ke gwada ruwan, ba da nauyin ɗanye ba. Shi ya sa za ka ji an ce ruwan wani itace ya wuce kashi 100, kamar rimi sabon sara. Ba kuskure ba ne, ruwan ne ya fi itacen nauyi.

Ruwan nan iri biyu ne. In ka karya karan dawa ka duba, za ka ga 'yan kafofi a jere. Itace ma haka ya ke, sai dai kafofinsa sun fi ƙanƙanta. Akwai ruwan da ke kwance cikin kafofin, kamar ruwa a tulu. Akwai kuma wanda ya jiƙa bangon kafofin, kamar danshin jikin tulun. Na cikin kafa shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman katako, nauyi kaɗai ta ke ragewa. Sai ruwa ya sauko misalin kashi 30 cikin 100, sa'an nan na jikin bango ya fara fita. To, daga nan ne katako ya ke soma tsukewa, daga nan ne kuma duk wahala ta ke farawa.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, katako ba ya bushewa sau ɗaya ya huta. Muddin yana nan, yana bin iskar wurin da ya ke. In iska ta yi laima ya sha ya kumbura, in ta bushe ya saki ya tsuke, kamar dai gishiri da ke yin ruwa da damina. In laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, katako ya kan tsaya wajen kashi 16. In ta zama 65, ya tsaya wajen 12. In ta sauko 20, ya koma ƙasa da 5.

Yanzu a duba ƙasarmu. A Sapele da Benin da Ikko, inda yawancin katakon kasuwa ya ke fitowa ko ya ke biyowa, iska ba ta rabuwa da laima. Katakon da aka shanya can, ko ya shekara, da ƙyar ya sauko ƙasa da kashi 16 ko 18. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba in ya ce busasshe ne, don a garinsu ya bushe. Amma a Kano ko Katsina ko Damagaram, tsakiyar hunturu laimar iska ta kan faɗo ƙasa da kashi 20, katako ya koma kashi 5 ko 6. Ka ga an sami ragin kashi 12 ke nan. A yawancin itatuwan da mu ke aiki da su, duk sa'ad da kashi 5 na ruwa ya fita, faɗin falanki ya kan ragu da misalin kashi 1 cikin 100, wani itacen ya fi haka, wani bai kai ba. Mai son lissafi ya buga ya gani: falanki mai inci 12 zai rasa fiye da rubu'in inci, uku a jere kuwa kusan inci guda. Ga inda katakon mai sito ya tafi.

Dalilin Kantarewa

Da a ce katako yana tsukewa daidai ta kowane gefe, da abin ya zo da sauƙi. Amma ba haka ba ne. Ta tsawo kusan ba ya raguwa sam. Ta faɗi da kauri ne ya ke raguwa, kuma nan ma ba daidai ba. Dubi kan gungume inda zarto ya yanke, za ka ga zobe-zobe sun kewaye cibiya. Tsukewar da ke bin kewayen zoben ta kan yi kusan ninki biyu na wadda ke tafiya daga cibiya zuwa ɓawo. Saboda haka falankin da aka yanko daga gefen gungume, fuskarsa ta wajen ɓawo ta fi tsukewa, sai gefunansa su ɗago ta wannan fuska, ya zama kamar kwami. Wanda aka yanko shi yana fuskantar cibiya, zoben sun ratsa kaurinsa a tsaye, shi ya fi zama lafiya. In kana zaɓen katakon tebur, juya kan falanki ka duba zoben tukuna.

Falankin da cibiyar itace ta bi ta tsakiyarsa, wannan kada ka saya da tsadar mai kyau. Kome ka yi masa sai ya tsage. Gara a tsaga shi biyu a fid da cibiyar, a sami ƙanana biyu masu kyau.

Akwai kuma murɗewa. Waɗansu itatuwa jijiyarsu ba ta miƙe ba, ta naɗe ne tun suna tsaye, in sun bushe sai su murɗe kamar igiya. Maɗaci ya kan yi haka wani lokaci, turare kuwa, wanda waɗansu ke kira zaiti, shi ne sarkin rigima. Tun ana sara ya kan dare daga kai, in kuma aka gaggauta shanya shi sai jikinsa ya loɓa ya yi kwari-kwari. Ba wai ba shi da amfani ba, ya yi kyau ga dirka da jigon rumfa, amma mai son falanki daga jikinsa sai ya yi haƙuri ƙwarai.

Gaggawa Da Nawa

Ɓarnar shanya katako ta fuska biyu ta ke zuwa, ko ya bushe da sauri ainun, ko ya yi nawa ainun. Mu nan Arewa duka biyun muna da su, kowace da lokacinta.

Da hunturu da bazara, gaggawa ce abin tsoro. In aka shimfiɗa ɗanyen falanki a rana, fatarsa ta waje za ta bushe cikin 'yan kwanaki ta nemi tsukewa, alhali cikinsa yana nan jiƙe bai motsa ba. Ciki ya hana waje tsukewa, sai fatar ta yage, a ga 'yan tsage-tsage a fuska. Kan falanki ya fi shan wahala, domin ruwa yana fita ta kai fiye da sau goma bisa yadda ya ke fita ta gefe, tun da nan ne bakin kafofin nan ya ke. Shi ya sa kullum daga kai tsaga ta ke farawa, ta yi ta cin jiki har a yi hasarar ƙafa guda ko fiye a kowane ɓangare.

Wanda ya fi wannan muni shi ne wanda ido ba ya gani. Fatar ta bushe ta sandare a miƙe, daga baya ciki ya zo bushewa ya nemi tsukewa, fatar ta riƙe shi. Sai ko dai cikin ya tsattsage kamar saƙar zuma, waje kuwa sumul, ko kuwa katakon ya zauna a ɗaure, ran da kafinta ya tsaga shi ya maƙe zarto, ɓangarorin su lanƙwashe nan take. Akwai hanyar gane wannan. A yanko ɗan guntu mai faɗin inci guda daga jikin falanki, nesa da kai, a fafe tsakiyar kaurinsa da zarto a bar ƙafa biyu kamar cokali mai yatsu. In ƙafafun sun tsaya a miƙe, lafiya. In sun matso suna neman haɗuwa, katakon a ɗaure ya ke. Manyan masana'antu masu ɗakin gasa katako su kan sake shi da tururi. Mu da ba mu da wannan, rigakafi kaɗai ke gare mu, watau inuwa.

Da damina kuwa abin ya juya. Katakon da ruwansa ya wuce kashi 20 abincin fumfuna ne da ruɓa. Fararen itatuwa masu taushi, irin su obece da rimi, in aka jibge su ɗanyu falanki kan falanki, cikin 'yan kwanaki sai su yi shuɗi-shuɗi har ciki. Wannan shuɗin ba ya rage ƙarfin katako sosai, amma ba ya kankaruwa, kuma yana karya kuɗinsa a kasuwa. In aka daɗe a haka sai ruɓa ta gaske ta biyo, ita kuwa ba ta da magani. Da zarar ruwa ya sauko ƙasa da kashi 20, duka biyun sun tsaya.

Yadda A Ke Jera Shi

Nan ne aikin ya ke, kuma ba ya cin kuɗi. A sami wuri mai tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, a share ciyawa. A kafa bulo ko duwatsu, a ɗora ƙarfafan katakai a kai, yadda falanki na fari zai yi nisan inci 18 daga ƙasa, don iska ta bi ta ƙarƙashi, a kuma riƙa ganin hanyar gara in ta taso. Lalle shimfiɗar nan ta zama daidai, a gwada ta da igiya. In ta karkace, duk abin da aka ɗora zai bushe a karkace.

Sa'an nan a jera falankai, a bar ratar inci guda tsakanin kowane biyu. A kan kowane jeri a gitta 'yan sanduna masu kaurin inci guda, tsakanin sanda da sanda kada ya wuce ƙafa 2, in katakon siriri ne ko mai son murɗewa a mai da shi inci 18. Abu biyu a nan mutane su ke sakaci da su. Na fari, sandunan su zama busassu, masu kauri ɗaya, don ɗanyar sanda ta kan bar baƙin tabo a jikin falanki. Na biyu, kowace sanda ta hau daidai bisa 'yar'uwarta ta ƙasa, tun daga gindi har sama, kamar an ja layi. Na sha ganin tari mai tsada ya lalace don yaron da aka sa aikin ya jefa sandunan inda ya ga dama, nauyin sama ya danna inda babu matashi, falankai suka fito kamar baka. A sa sanda guda daf da kowane kai, wannan ma yana rage tsagewa. Kada a bar dogon falanki yana reto a waje, dogaye su zauna ƙasa, gajeru a sama.

Kan kowane falanki a shafe shi tun ran da aka yanka, da fenti mai kauri, ko kakin zuma, ko kwalta. In an bari sai tsaga ta fara, shafawa ba ta da sauran amfani. A saman tari a ɗora bulo ko duwatsu masu nauyi, don falankan sama ba su da abin da ke danne su. Daga nan a yi rufi da kwano ko zana, ya zarce tarin ta kowane gefe.

Da hunturu a kafa zana ta gabas da arewa, inda iskar ta ke bugowa, musamman makonnin fari, kuma musamman ga katako mai kauri da itace mai tauri irin su kirya da kawo da marke. Da damina a cire zanan a bar iska ta ratsa. Kada a lulluɓe tari da leda har ƙasa, wannan dafa shi ne.

Littattafan Ingila sun ce shekara guda ga kowane inci na kauri. Wannan lissafin ƙasar sanyi ne. A nan falanki mai inci guda na itace mai taushi ya kan bushe cikin 'yan makonni da rani, mai tauri ya ɗauki watanni. Mai inci 2 kuwa ba ninki biyu kaɗai zai ci ba, ya fi haka nesa. Saboda haka kada a dogara ga ƙidayar kwana, a auna.

Yadda Za Ka San Ya Bushe

A kasuwa akwai alamu. Ɗanyen katako ya fi nauyi, yana da sanyi in ka ɗora tafin hannu, in ka ƙwanƙwasa ba ya amsawa da ƙara, garin zartonsa kuma yana dunƙulewa in ka matse. Ko ka sa sabon guntu cikin leda ka ɗaure ka ajiye a rana, in gumi ya taru ciki, ka san da saura. Amma duk waɗannan manyan ɗanyu kaɗai su ke kamawa. Ba su iya raba kashi 18 da kashi 10, nan kuwa ƙofar mai sito ta lalace.

Hanya mafi sauƙi ita ce sikeli. Zaɓi falanki biyu ko uku daga tsakiyar tari, ka yi musu alama, ka riƙa auna su kowane mako kana rubutawa. Ran da nauyi ya daina raguwa mako biyu ko uku a jere, katakon ya daidaita da iskar lokacin. Mai son sanin adadi sosai sai ya yanko ɗan guntu, kamar ƙafa guda daga kai, ya auna shi nan da nan, ya gasa shi a tanda mai zafin digiri 103 har nauyinsa ya tsaya, ya sake aunawa. A ɗebe na biyu daga na fari, a raba da na biyu, a ninka sau 100. In guntu ya yi giram 160 ya dawo 100, ruwansa kashi 60 ne. To, falankin nan namu mai kilo 20, tun da mun san busasshensa kilo 12 da rabi ne, ran da sikeli ya nuna kilo 14 ya kai kashi 12.

Yanzu kuma akwai 'yar na'ura mai batir da allura biyu, a soka a jikin katako ta nuna adadi. Tana aiki sosai tsakanin kashi 7 da 30. Duk mai sayen katako da yawa ya kamata ya mallake ta, kuɗinta bai kai hasarar tari guda ba. Sai dai iyakar inda allurar ta kai nan ta ke aunawa, don haka a yanka a soka cikin sabon yanka, kada fata ta ruɗe ka.

Wane adadi a ke nema? Tun da katakon ɗaki a Arewa yana yawo ne tsakanin kashi 5 da hunturu da kashi 15 ko 16 da marka, abin da ya fi shi ne a yi aiki da shi yana tsakiya, wajen kashi 10. Ga katakon da ya riga ya zauna a garin, da kaka ne ya ke bi ta wannan adadi. In tilas ta sa a yi ƙofa ko aljihun tebur da hunturu, kafinta ya bar 'yar rata, in ba haka ba Agusta na zuwa za su cije. In da damina ne ya matse su sosai. Katakon Kudu kuwa, a jera shi da sanduna a inuwa ya sha iskar garin wata guda ko biyu kafin a taɓa shi. Fenti yana rage saurin shan ruwa da sakinsa, amma ba ya hanawa, kuma sai an shafe ko'ina, har saman ƙofa da ƙarƙashinta inda ba a gani. Fenti a kan ɗanyen katako kuwa hasarar fenti ce, zai kumbura ya ɓare. Haka gam ba ya kamawa, ƙusa ta yi tsatsa ta saki. Manomi ma ya san wannan, don ƙotar da aka sa wa ruwan fartanya tana ɗanya, kafin shekara ta kewayo ta fara girgiɗi.

Saura maganar ƙwaro. In ka ga 'yan huji kamar na allura, gari mai laushi yana zubowa, ƙwaro ne ke cin farin ɓangaren itace na wajen ɓawo, inda abincinsa ya ke. Jan ciki bai cika damunsa ba. Shanyawa a inuwa ba ta kashe shi. A ɓare ɓawon gungume da wuri, kada a bar shi kwance a daji, a tsoma falankai tun suna ɗanyu cikin ruwan gishirin nan da a ke kira boras. Zafi ma yana kashe shi. Ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita a 2002 game da katakon ɗaure kayan fatauci ta ce a gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56, ta yi minti 30 a haka. Ɗakin shanya mai aiki da rana, wanda a ke rufa da leda mai haske a shafe cikinsa da baƙin fenti a sa fanka, ya kan yi zafi kusa da haka da tsakar rana, yana kuma sauko da katako ƙasa ko da damina. Wanda ke son ya gina irinsa ya nemi shawarar ma'aikatan daji na yankinsa, ko Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Badun, wadda ke da reshe a Samaru ta Zariya. Amma ko da shi, itace mai tauri sai ya fara shan inuwa tukuna kafin a shigar da shi.

Ƙofar mai sito dai ba a yar da ita ba. Cikin Fabrairu kafinta ya cire falankan, ya yanke inda ya tsage ya yi masa ƙari, ya sake jera su da 'yar rata, sa'an nan ya buga siraran katakai a kan kowace rata, ƙusa ta gefe ɗaya kawai, don falanki ya sami wurin motsi a ƙarƙashi. Kuɗin katakon ƙari suka raba biyu.